Kada ku karɓe wa Baba wayarsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce mahaifinki, wanda a da ba ya rabuwa da rediyo, yanzu duk muryar da aka turo masa a WhatsApp ita ce gaskiya, abin da rediyo ya faɗa kuwa "na gwamnati ne", har ya ce shi da fita zaɓe sun yi hannun riga. Kina tambaya ko waya ce ta ɓata mu, kuma ko ku karɓe babbar ku ba shi ƙarama mai tocila. Ni dai shawarata kada ku karɓe. Dalilin yana da ɗan tsawo, sai ki yi haƙuri da ni.

Sana'ata waya ce. Na fara da teburin caji da sayar da kati, na koma tura wa mutane wa'azi da karatu a memori, yau ina gyara da POS a nan cikin garin Sakkwato. Dattawa sa'o'in Baba kullum suna zama a bencina, kuma kafin gyara ya ƙare sai an kunna mini wani saƙo an ce, "Yaro, ka ji abin da anka yi?"

Abu na farko, jita-jita ta girmi waya. Layin salula ya shigo Najeriya a 2001, kuma a 2003 ba kowa ke da ko ƙaramar ba, balle Facebook da ba a ma ƙirƙiro ba. Amma a shekarar ne maganar cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa ta game Arewa, har wasu jihohi suka dakatar da allurar, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Baki da kaset da majalisa ne suka yi wannan aikin. Kuma ba da hana magana aka shawo kan abin ba. Sarakuna da malamai da hakimai ne suka shiga, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, aka yi ta bin gida-gida shekara da shekaru, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar.

Abin da waya ta sauya shi ne sauri, da kuma bakin da labari ke fitowa. Ki tuna daren gishiri a watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Kafin asuba an tayar da gidaje da kira da saƙo, wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane sun kwanta asibiti, an ma yi asarar rai. Wanda ya kira ki a daren ba maƙiyi ba ne, gwaggo ce ko yaya, kuma don ƙauna ya kira. Nan ne wahalar take. Idan Baba ya saurari saƙon murya, ba baƙon da ya naɗa shi yake gani ba, aminin da ya turo masa yake gani, mutumin da suka yi shekara talatin suna sahu ɗaya a masallaci. In kin ce saƙon ƙarya ne, a kunnensa kin ce Alhaji maƙaryaci ne. Shi ya sa yake hawa sama.

Saƙon murya kuma ya buɗe ƙofa ga dimbin mutanenmu da ba su karanta boko. Wannan alheri ne babba, ina ganin sa kullum: ɗan kasuwar albasa yana jin farashin Kudu kafin ya ɗora kaya, tsohuwa tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani. Sai dai ya mayar da kowa gidan rediyo, ba edita, ba lasisi, ba wanda za a kama in an yi ƙarya. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, kamfanin kansa ba ya jin abin da ke ciki. Ɗaya daga cikin abin da suka iya shi ne a 2019 suka taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda. To wuri biyar ɗin in zauruka ne masu ɗaruruwan mutane, me aka rage?

Yanzu ga inda nake son ki tsaya ki duba da kyau, don a nan nake saɓawa da masu cewa jahilci ne kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2017 Shugaba Buhari ya yi sama da kwana 100 a jere a Landan yana jinya, ba a taɓa fitowa an gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damun sa ba. Cikin wannan shirun aka haifi labarin wai ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan. Labarin ban dariya ne, amma ya yi ƙarfin da sai da shugaban ƙasa da bakinsa ya musanta shi a Poland a watan Disambar 2018. Na ga masu digiri suna ƙara girman hoto a wayata suna auna kunne. Da an yi bayani tun farko, da Hausar da kowa zai gane, da labarin bai yi wannan nisa ba.

Haka zaɓen 2023. An yi wa mutane alƙawarin cewa na'urar BVAS za ta ɗauki hoton takardar sakamako a kowace rumfa ta ɗora a shafin IReV nan take, kowa ya gani. Ranar 25 ga Fabrairu sakamakon shugaban ƙasa bai hau yadda aka faɗa ba, hukumar zaɓe ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko da hakan ne, a awannin da aka yi ana jira, takardu na gaske da na bogi sun cika wayoyi, kowa ya riƙe wadda ta yi masa daɗi. Mu nan Sakkwato kujerun sanata uku duk sai da aka ce ba su kammala ba, aka koma a Afrilu. Saboda haka in Baba ya ce ya daina yarda, ba daga sama abin ya faɗo masa ba. Yana da hujjarsa, sai dai ya ɗauki yardar da ya cire daga can ya miƙa wa wanda bai ma san sunansa ba.

Ga kuma 'yan siyasa da suka gane kasuwar. Da sojojin baka rediyo suke shiga, ana jin sunansu, ana sanin ubangidansu. Yau yaro ne ake saya wa data, a ba shi na cefane, ya buɗe shafi uku da sunaye daban-daban, da safe ya yabi wane da yamma ya zagi wane. Wasu ma ba ruwansu da jam'iyya, yawan masu kallo suke nema, kuma sun lura abin da ke tayar da hankali ya fi tafiya. Facebook da TikTok suna ƙara tura maka irin abin da ka daɗe kana kallo, to wanda ya tsaya kan bidiyon tashin hankali biyu, gobe goma zai tarar. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar malami ko basarake. Mun taso ana cewa gani ya kori ji; ban ƙara rantsuwa da wannan ba.

Batun karɓe waya kuwa, an gwada mana shi da girma. A watan Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, bayan an yi haka a Zamfara. Niyyar kowa ya gane ta. Amma mu da ke cikin gari mun ga ɗaya fuskar: mai ɗan'uwa a gabashin jihar ba shi da hanyar jin lafiyarsa sai ya je tasha ya tare direba, kuma abin da direba ya jiyo a hanya shi ne labari. Jita-jita ba ta mutu ba, hanyar tantance ta ce ta mutu. A shekarar ce kuma aka rufe Twitter daga Yuni har Janairun 2022, masu buƙata suka bi ta VPN, manhajar da ke kewaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu. In kun ba Baba mai tocila, majalisa za ta kunna masa saƙon a wayar wani, ke kuma kin rasa damar jin abin da yake ji.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin yarda ba ta girgiza sosai ba, kuma a ƙofar gidanmu yake: ganin wata. Duk daren 29 ga Sha'aban sai an yaɗa saƙonni, har da takardun bogi masu tambari. Duk da haka akasarin mutane sai su ce a jira Fadar Sarkin Musulmi. Me ya sa? An san mai maganar, an san lokacin da zai yi ta, an san akwai kwamitin da ke tantance waɗanda suka ce sun gani da garuruwansu, kuma da harshen mutane ake sanarwa. Da ma'aikatu da hukumomin tsaro suna magana haka, da rabin masu naɗar murya sun rasa kasuwa.

Abin da na ga yana aiki da dattawan bencina kaɗan ne. Kada ki ƙaryata shi gaban mutane, musamman gaban jikoki. Saurari saƙon tare da shi har ƙarshe, sannan ki ce, "Baba, shi Alhaji da ya turo, da idonsa ya gani ko shi ma turo masa aka yi?" Mutumin da ya zauna gaban malamai ya san darajar isnadi, wato sanin wa ya ji daga wa, ba sai kin yi masa dogon bayani ba. In an ambaci gari, Illela ne ko Goronyo ko Tambuwal, ku kira wanda kuka sani a can a gabansa, ya ji da kunnensa. In bidiyo ne ku duba lambar mota, da harshen da ake yi a bayan fage, da yanayin gari. Sau da yawa za a ce jiya ne, ga ciyawa kore shar alhali muna tsakiyar hunturu. Nuna masa alamar kibiya biyu da ke kan saƙon da ya sha yawo. Zaurukan da bai san kowa a ciki ba, ki nemi izninsa ku fita. Ki sa masa shafukan gidajen rediyon da ya saba da su, BBC da Jamus da Rima, tunda duk suna cikin wayar yanzu. Su ma suna kuskure, amma suna da suna da adireshi.

Maganar ƙin zaɓe kuma kada ki matsa masa yanzu. In lokaci ya matso, ki tuna masa 2019 kawai: bayan zagaye na biyu, ƙuri'a 342 ce ta raba Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu a kujerar gwamnan jihar nan. Unguwarku kaɗai ta fi haka masu kati. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ki gaishe shi.