Daga Jidda zuwa Abha a motar karafan: wace hanya za mu bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a Jidda. Yara sun girma, kuma bana zai samu hutun mako biyu a lokacin zafi. Muna son mu ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake ce wa karafan, mu bi ta Ɗa'if har Abha, mu biyu kawai. Shi yana ganin tunda ya daɗe yana tuƙi tsakanin Jidda da Madina, ba wani abin damuwa. Ni kuwa duwatsun nan nake tsoro. Wace hanya ya kamata mu bi, kuma me za mu kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Tafiyar mai yiwuwa ce, kuma mai daɗi ce, amma tsoronki yana kan hanya. Titin Madina shimfiɗaɗɗe ne, abin da yake koya wa direba shi ne haƙuri da yaƙi da barci. Duwatsun Sarawat, waɗanda za ku bi daga Ɗa'if zuwa Abha, wani darasi ne daban. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne: a wannan tafiya hawa ba ya kashe mota, gangara ce ke kashe ta. Duk tsarin tafiyarku sai ya zama an gina shi a kan rage yawan gangarar da za ku yi da babbar mota.

Ga yadda ƙasar take. Jidda na bakin teku. Ɗa'if na sama da ita da kusan mita 1,800, Abha kuma ta haura mita 2,200, dutsen Suda da ke kusa da ita yana kai wa wajen mita 3,000. Titi mai lamba 15 yana bin ƙololuwar duwatsun daga Ɗa'if, ya ratsa Baha da Baljurashi da Namas da Tanuma, ya shiga Abha, tafiyar da ta haura kilomita 500. Muddin kuna kan wannan titi, kuna sama ne. Akwai kwana-kwana da hawa da sauka, amma ba masu tsanani ba. A hannunku na dama kuwa, wato yamma, ƙasa tana yankewa ne lokaci guda ta faɗa Tihama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke bakin teku. Titunan da ke sauka can su ne mutanen wurin ke kira aƙaba, kuma nan ne maganar take.

Aƙabar farko da za ta tare ku ita ce ta Hada, tsakanin Makka da Ɗa'if. Tana da kyan gani ƙwarai, amma kwanoninta masu kaifi ne, kuma akan rufe ta in an yi ruwa mai yawa ko ana gyara. Da karafan, shawarata ku bi ta Sailul Kabir. Ta fi tsawo, amma hawanta a hankali yake, ita ce ma manyan motoci ke bi. Ranar farko da mutum ya riƙe sitiyarin motar da bai saba da faɗinta da tsayinta ba, ba ranar gwada Hada ba ce. In kun sauka a Ɗa'if kun huta, ku ɗauki ƙaramar mota ku je Hada da Shafa ku sha kallo. Furen wardin da aka san garin da shi ana tsinkarsa ne wajen Maris da Afrilu, don haka a lokacin zafi ba za ku tarar da shi a gona ba, sai turarensa da ruwansa a shaguna, da 'ya'yan itatuwa a bakin titi.

Bari in yi bayanin birki, don in Alhaji ya gane dalilin zai fi yarda da ni. Duk lokacin da aka taka birki, gudun mota yana komawa zafi ne a jikin faifan birkin. A titin Madina ana takawa a saki, iska ta sanyaya shi. A gangarar da ta kai kilomita goma ko fiye, da mota mai nauyin tan uku, in direba ya ɗora ƙafa bai ɗauke ba, zafin yana taruwa har takalmin birkin ya daina kamawa, ko man birkin ya tafasa. Idan ya tafasa, sai a taka a ji ƙafa ta lume har ƙasa, motar kuwa ba ta san ana yi ba. Maganin shi ne a bar injin ya riƙe motar. Kafin a fara sauka, tun a saman, a sa giya ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya. In motar otomatik ce, a cire ta daga D a mayar da ita L ko 2, ko a yi amfani da wurin canza giya da hannu. Injin zai yi ƙara, a ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, a saki gaba ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar direbobin manyan motoci ita ce giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. In kun ji ƙaurin birki, ku nemi wuri mai faɗi ku tsaya ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa. Kuma kada a kuskura a sa mota a firi don tattalin mai.

Wajen hawa abin da za ku gani shi ne motar ta yi sanyi. Iska tana raguwa a sama, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300, don haka a Abha kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Ba lalacewa ba ce. Ku tsaya a layin dama, ku sa ido a kan allurar zafin injin, in ta fara hawa a kashe na'urar sanyaya mota.

To me ya sa nake cewa ku rage gangara, alhali wuraren da aka fi yabo suna ƙasa? Ƙauyen Zi Ain mai gidajen dutse yana ƙasan Baha ta wajen Mikhwa. Rijal Alma, mai dogayen gidajen dutse da gidan tarihi, yana ƙasan Suda, kimanin kilomita 50 daga Abha, kuma aƙabar Samma da ke kai wa can tana cikin masu tsananin gangara a yankin. Duka biyun sun cancanci a je. Amma ku bar karafan a sama, ku yi hayar ƙaramar mota ta yini ɗaya ko ku ɗauki direban garin. Kuɗin da za ku kashe bai kai na jan mota daga tsakiyar aƙaba ba, kuma Alhaji ma zai samu damar ɗaga ido ya kalli dutsen maimakon ya ƙura wa kwalta. A Rijal Alma ki lura da zanen bango mai launuka da matan Asir, yankin da Abha take, ke yi a cikin ɗakuna, Alƙaɗɗul Asiri, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2017.

Sai hazo, wanda mutanen Jidda ba su saba da irinsa ba. A Baha da Namas da Suda gajimare ne da kansa ke sauka kan titi, wani lokaci ba ka ganin motar da ke gabanka. A watannin Yuli da Agusta ruwa yakan zo da yamma, har da ƙanƙara. Saboda haka ku yi tuƙinku daga bayan asuba zuwa azahar, la'asar ta same ku a masauki. In hazo ya rufe ku, ƙaramar fitila za ku kunna, babbar tana dawo da haske ne cikin ido. Kar ku kwana a cikin kwari komai kyansa da inuwarsa. Ruwan da aka yi a kan dutse, inda ba ku gani ba, shi ke zuwa ya share kwarin. Ni da zan raba muku, kwana biyu a Ɗa'if, biyu a Baha ku ga dajin Ragadan, ɗaya ko biyu tsakanin Namas da Tanuma, sauran a Abha. Namas da Tanuma mutane ke wucewa da gudu, kuma a ganina sun fi Abha daɗin zama da karafan, don cunkoson lokacin hutu bai kai na can ba. A Suda ana manyan gine-gine tun bayan da aka sanar da shirin raya wurin a 2023, ku tambaya a gari wane ɓangare ne a buɗe kafin ku hau.

Batun takardu gajere ne. Lasin tuƙi na ƙaramar mota yana ɗaukar abin da bai wuce tan uku da rabi ba, ku duba nauyin da aka rubuta a istimara, wato takardar rajistar motar, kafin ku sa hannu. Ku tabbata inshora ta game duk wanda zai tuƙa, kuma an yi masa izinin tuƙin motar a hukumance. Tun Yunin 2018 mata ke tuƙi a Saudiyya, in kina da lasin a sa sunanki, ko a miƙaƙƙen titi ki karɓe shi ya huta. Iƙama kuma, wato katin izinin zama, ta kasance a aljihu. A wajen karɓar motar ku sa a nuna muku shekarar tayoyi, akwai lamba huɗu a gefen kowace, biyun ƙarshe su ne shekara. Tayar da ta tsufa a zafin Jidda tana iya yin kyau a ido alhali ta bushe. Ku tambayi yaushe aka canza man birki. Ku rubuta tsayin motar a takarda ku manna kusa da sitiyari, saboda rumfunan gidajen mai da ƙofofin wuraren ajiye motoci.

Zaman cikin motar ma yana da nasa. Dare a can yana da sanyi ko da a Yuli ne, ku tafi da bargo. Kada sanyi ya sa ku shigar da garwashi ciki ko ku bar murhun gas a kunne ku rufe tagogi; iskar da ke fita daga gare su ba ta da wari, kuma cikin barci take kisa. Gawayin turaren wuta ma a kunna shi a waje. A rufe tukunyar gas duk lokacin da mota za ta tashi. Wajen girki, Hajiya, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93 a tsayin Abha, ba 100 ba, don haka wake da nama za su ja ki lokaci. Tukunyar matsi ta fi komai amfani. Tankin ruwa kuma kada a cika shi fal ranar da za a yi doguwar gangara, kowace lita kilo ɗaya ce a kan birki. Ruwan banɗaki ku tambayi masu motar inda ake zubarwa, ba a sakinsa a daji. Hura wuta a ƙarƙashin itatuwa ko saran itace laifi ne mai tara.

Gwaggon biri za ku gan su garke-garke a Hada da Baha da Suda. Kada ku ba su abinci, an hana, kuma da zarar sun ga leda a hannu sai su yi ca. Ƙofa da tagar kicin su zauna a rufe in za ku yi nisa da motar.

A dawowa, mutane da yawa suna sha'awar sauka ta aƙabar Sha'ar zuwa Muhayil ko ta Dali'a zuwa Darb, su bi titin bakin teku har Jidda don ya fi miƙewa. Da karafan, kuma a karon farko, ni na fi son ku komo ta inda kuka zo, ku sauka ta Sail. Zafin Tihama a wannan lokaci ba abin marmari ba ne, sannan hanyar Sail tana bi da ku ta miƙatin Ƙarnul Manazil, in kuna da niyyar rufe hutun da umara sai ku ɗauki harami a nan. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida Alhaji.