Kaduna ko Kadduna? Amsar wasiƙunku kan sunayen kogunanmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata firamare da ke Tudun Wadan Zariya. Na gaya wa ɗalibaina cewa sunan Kogin Kaduna daga kada ya samo asali, sai wani yaro ya ce to me ya sa ba ma cewa Kadduna? Kuma wanne ne daidai, "Kaduna ya cika" ko "Kaduna ta cika"?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan yaro albarka, kunnensa na jin Hausa.

Bayanin da ya fi shahara shi ne wanda ka ba su. Jam'in kada kadduna ne, ana kuma cewa kadoji ko kadanni, kuma kogin ya yi suna da yawan kadduna, shi ya sa har gobe kada ke zaman alamar garin. Akwai kuma Gbagyi da ke cewa sunan daga wata kalmarsu mai nufin kogi ya fito, kuma ya kamata ɗalibai su ji wannan ma, tunda Gbagyi tsofaffin mazauna bakin kogin ne. Abin da babu gardama a kai shi ne kogin ya riga garin samun sunan. Turawa sun dawo da hedikwatar Arewa garin Kaduna daga Zungeru a 1917, jihar kuwa sai a 1976 ta karɓi sunan.

Wajen furuci, bambanci uku ne tsakanin kalmomin biyu. A kadduna ana nauyaya d, wasalin u gajere ne, sannan a ja a ɗin ƙarshe, kamar a riguna da tuluna. A Kaduna kuwa d ɗaya ce, u ake ja, a datse ƙarshen, kamar yadda aka saba da yawancin sunayen garuruwa, irin su Katsina da Zariya. Rubuta su biyu a allo, ka sa yara su tafa sau ɗaya a kowace gaɓa: kad-du-na, Ka-du-na. Nan take za su ji inda nauyin ya koma. Ka kuma lura da masu saka ƙugiya su rubuta Kaɗuna. Kuskure ne, domin kaɗa daban, kada daban.

Batun jinsi shi ne inda aka fi tuntuɓe. Kalmar kogi namiji ce, don haka "Kogin Kaduna ya cika" za a ce. Idan aka ambaci sunan shi kaɗai, to mace ne a daidaitacciyar Hausa, kamar sunan gari: "Kaduna ta cika", "Kwara ta kawo". A Zariya za ka ji "Kubanni ya kawo", saboda Zazzaganci ba ya tsananta rarrabe jinsi. Wannan karin harshe ne mai asali, kada a kunyata yaro a kansa, amma a takardar jarrabawa ta ake so. Shawararmu a rubutu a riƙa sa kalmar kogi a gaba, don "Kaduna ta cika" na iya nufin garin ya cika da jama'a.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Samaru. Kubani ake rubutawa ko Kubanni? Galma kuma ita ce garmar noma?

Amsa: 'Yar'uwa, Kubanni da n biyu, domin haka bakin mutanen gari ke faɗa: Ku-ban-ni. Ita ce ta ratsa Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka datse ta don ruwan sha, ta wuce tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ta zuba a Galma, Galma kuma ta kai ruwan Kogin Kaduna.

Galma da garma kuwa sunan kayan noma ɗaya ne, karin harshe ne ya raba su, wasu su sa l wasu r, kamar halshe da harshe. Amma sunan wuri ba a yi masa irin wannan musanya. Ko a garinku garma kuke cewa, idan kogin kike nufi, Galma za ki rubuta.