Injin jan tarun jatan lande: amsar tambayoyinku

Salamu alaikum jama'a. Tambayoyi sun taru min kan na'urar jan taru, musamman ta jatan lande, wato monko kamar yadda muke ji a kasuwa. Wani zai ce ina ruwan dan Zango da teku, to ai duk mai sayar da wake da shinkafa a Nima ko Mamobi ta san shito baya dadi in ba garin monko, kuma akwai mutanenmu da yawa da kudinsu ke cikin kwalekwale da taru ko da su basu taba shiga ruwa ba. Bari in dauke su daya bayan daya.

Wani Alhaji daga Ashaiman yace ya hada jari da wasu a tarun bakin teku can wajen Ada, irin wanda Ewe ke kira yevudo, yanzu samun mutum 30 ko 40 masu ja ya zama wahala, samari duk sun koma okada da birni, shin in ya sayi winci, wato injin jan igiya, zai huta?

Alhaji zaka dan huta, amma ba irin hutun da kake zato ba. Abu na farko da nake so kowa ya rike, nauyin da kuke ja ba na jatan lande bane. Ruwa ne da laka da yashi da ledar da teku ke kwaso mana, monkon kansa in an zazzage wata rana bai cika kwando biyu ba. Saboda haka kafin ka kashe sidi daya kan inji, je ka tsaya ranar Talata da ba a fita teku, a shimfida tarun a kasa ka duba shi da idonka. In dalmar da ke kasan tarun tayi yawa to yana noma kasa ne kamar garma, in idon ragar yayi kankanta ko gansakuka ta toshe shi to ruwa baya wucewa, kana jan bango ne ba raga ba. Sau da yawa gyaran wadannan biyun kadai ke rage mutum biyar shida a kan igiya.

To in an gyara kuma har yanzu kana son inji, ba winci mai nade igiya a jikinsa kake bukata ba. Igiyar yevudo tana da tsawo sosai, daruruwan mitoci kowane gefe, wane ganga ne zai dauke ta? Abinda ya dace shine kafstan, wani turmin karfe ne mai tsukakken kugu da yake juyawa, ka nada masa igiya zagaye uku ko hudu, mutum daya ya rike jelar yana tattarawa a bayansa. In ya ja jelar turmin ya kama, in ya sassauta turmin ya rika juyawa a banza. Wannan sassautawar itace duk sirrin, domin teku ba rijiya bace, taguwar ruwa tana turo tarun ta kuma janye shi, masu ja da hannu suna jin haka a jikinsu su dan saki su sake kamawa, shi yasa kake ganin suna tafiya da waka da kafa daya. Inji bashi da wannan hankalin, in ruwa ya ja baya shi kuma yana ja gaba, raga ce zata yage ko igiya ta tsinke.

Kuma ka tuna igiya biyu ce, hagu da dama, kuma dole su rika zuwa tare in ba haka ba bakin tarun ya karkace komai ya zube ta gefe. Kenan ko turmi biyu, ko inji biyu da mutum daya a tsakiya yana bada umarni. Sannan idan fukafukan tarun suka iso gaba, inji ya gama aikinsa, jakar karshe hannu ne ke fito da ita. Mutum 12 zuwa 15 dai sai ka rike su. Wani abu kuma Alhaji, wadanda ke taya ku ja da kifi ake sallamarsu, akwai gidajen da miyarsu ta dogara da wannan, in ka kawo inji ba tare da kun zauna da shugaban masunta na wurin ba zaka ga fuska ta canza. Kuma tunda kace wajen Ada, ka kula, dokar kamun kifi ta 2010 ta hana jan irin wannan tarun a bakin da kogi ke shiga teku, nan ne kananan monko da 'ya'yan kifi ke girma.

Sai wani kanina fita, wato makanike, a Suame Magazine can Kumasi, yace masta shi dai yaji ana hada irin wannan kafstan da bak-aksil din mota, wato karfen da ke juya tayoyin baya, yaya lissafin yake, don wani ya bashi aiki daga Yeji, can bakin tafkin Volta.

Kanina ana yi, kuma ku 'yan Magazine in kun gane lissafin babu mai fin ku. Kuskuren da kowa keyi shine gudu. Ana son inji mai karfi mai sauri, alhali aikin taru a hankali yake so, domin in ka ninka saurin ja sau biyu, turjiyar ruwa ninkuwa take sau hudu. Mita 15 zuwa 20 a minti ya isa. Dauki turmi mai fadin santimita 20, zagaye daya yana cin igiya kusan santimita 63, kenan in yana juyawa sau 30 a minti ka samu mita 19. Karamin injin fetur din nan mai karfin doki 6.5, irin na famfon ruwa, yana juyawa wajen 3,000 a minti in an bashi wuta daidai. Daga 3,000 zuwa 30 kenan sai ka rage sau 100. Bak-aksil shi kadai sau 4 ko 5 yake ragewa, bai isa ba ko kusa. Sai ka hada uku, bel da fuli su rage sau 5, giyabos din mota a giya ta daya ya rage kamar sau 4, aksil ya rage sau 5, biyar sau hudu sau biyar dari kenan.

Karfi kuwa kar ya dame ka, jan kilo 500 a mita 20 cikin minti karfin doki 2 ne da dan kari, ko rabin karfin injin ya bata a cikin giya akwai saura. Abinda zai dame ka shine akasin haka, da ka rage gudu sau 100 abin ya zama dodo, zai iya tumbuke kansa daga kasa. Don haka kar ka sa sarka tsakanin inji da giyabos, bar bel, ka yi masa hannu mai matse shi da sake shi. Bel din shine kulocinka, kuma in taru ya makale a dutse ko kututture shi zai zame yayi kara kafin wani abu ya karye. A tafkin Volta ma wannan yafi muhimmanci, tun da aka gama dam din Akosombo a 1965 itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a kasa suna cin raga. Sai ka tuna difaransha, giyar tsakiyar aksil da ke raba juyi zuwa gefe biyu, in baka kulle shi da walda ba, gefen da babu kaya ne zai rika juyawa turminka ya tsaya cak.

Dan Allah ka rufe bel da fuli da murfi, kuma makashin injin ya zama inda mai rike da jela zai kai hannu ba tare da ya daga kafa ba. Na taba ganin igiya ta hau kan 'yar uwarta a turmi, yaron ya kai hannu zai gyara inji na tafiya, Allah ne ya kiyaye aka kashe da wuri amma yatsu biyu basu koma daidai ba har yau. Ba a gyara igiya turmi na juyawa, ba a nada jela a hannu, ba a tsayawa cikin tarin igiya, kuma mu masu son jalabiya da doguwar riga a ajiye ta a gida. Turmin kar a shafa masa fenti ko giris, a goge shi sumul kawai. Sauran jikin kuwa in na bakin teku ne gishiri baya wasa, a wanke da ruwan dadi kullum bayan aiki, kusoshi a sa masu ruwan tutiya ko silba, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo sipana bata kwance su.

Akwai wanda ya tambaya daga Sabon Zango nan Ankara, wai yaga winci na batir a Abossey Okai irin wanda ake daurawa gaban mota, yana so ya sa a kwalekwale mai injin Yamaha 40 ya rika jan karamar raga a bayansa don kama monko.

Dan uwa a'a, ta gefe biyu. Wincin nan an yi shi ne don ya fitar da mota daga tabo na minti kadan ya huta, yana zukar wuta kamar me, injin Yamaha bazai iya mayar wa batir abinda yake sha ba, ga tafiyar hawainiya, ga ruwan gishiri da zai cinye wayoyinsa. Na biyu kuma wanda yafi, doka. Dokar kamun kifi ta 2002 ta kebe ruwan kusa da gaba, mil 6 ko inda zurfi bai wuce mita 30 ba, ta hana jan raga a bayan jirgi a cikinsa, sabuwar dokar 2025 ma kara fadin wurin tayi zuwa mil 12. To monko kuma galibi a wannan ruwan mara zurfi mai laka yake, wajen Keta da Ada da can Axim. Kaga inda matsalar take.

Jirgin monko na ainihi wani abu ne daban. Yana da hannuwa biyu na karfe da yake budewa hagu da dama, kowanne da ragarsa, kowace raga da allo biyu masu nauyi da ruwa ke turawa su bude bakinta, a gaba kuma akwai sarka da ke jan kasa tana firgita monko ya yi tsalle ya fada ciki. Wincinsa ganguna biyu ne na wayar karfe, kowanne da birkinsa da kulocinsa, yana karbar karfi daga babban injin jirgin ta bel ko ta haidirolik, a saki waya kamar ninki 3 zuwa 5 na zurfin ruwa. Akwai wata 'yar karamar raga ta gwaji da ake dagowa akai-akai a ga ko wurin da kaya, da kuma kofar da ake sawa don kunkurun teku ya fita. Duk wannan sai da lasisi daga hukumar kamun kifi, ba aikin kwalekwalen itacen wawa bane, nauyin ja daga gefe daya ma ya isa ya kifar da shi. Haidirolik yafi dadi don yana da bawul da ke sakin karfi in kaya yayi yawa, amma ranar da tiyo ya fashe mai ya zubo kan monko, kamun ranar ya tafi. In kana son saukin dago raga a kwalekwale, sa nadi mai juyawa a gefen jirgin yadda raga zata rika gangarowa a kai ba tana gogar katako ba, kudinsa kadan ne kuma bayanka zai gode maka.

Hajiya daga Madina tace tana da kududdufi biyu ta fara gwada monkon ruwan dadi, manyan nan masu dogon hannu irin wanda ake soyawa a Atimpoku da Kpong, wane inji zata saya na kwasa?

Hajiya ki rike kudinki. A kududdufi ba a jan monko da inji, ruwa ake sa ya kawo shi. In an gina wurin da gangare zuwa kofa daya, sai a daura jakar raga a bakin bututun fita, a bude da asuba kafin rana tayi zafi, su biyo ruwa da kansu. In babu gangaren to famfo ne abin saye, a rage ruwan zuwa gwiwa ko kugu, mutum hudu su ja taru a hankali kafarsu na danne igiyar kasa, don su monko kasa suke bi ba kamar tilapiya ba, da an daga kasan raga kadan sun sulale. Ki sa a haka dan rami a wuri mafi zurfi inda zasu taru. Kafin ranar ki kama kamar 20 ki taba bayansu, in da yawa bawonsu yayi laushi to sun sake bawo ne, ki kara musu kwana uku hudu, mai laushi baya daukar wahala kuma 'yan kasuwa suna karya masa kudi. Kankara kuma ta riga taru isowa wurin, a dauraye laka a tsoma su cikin ruwan kankara nan take, irin wannan monkon in ya dade da zafi namansa lugub yake yi.

Ta karshe gajera ce, wani yace wace igiya? Nailan tana mikewa kamar roba, tana da kyau wajen shanye fizgar ruwa amma ranar da ta tsinke bulala ce, kar kowa ya tsaya a saitinta. Mai shudin nan mara nauyi da ke yawo saman ruwa tafi araha, sai dai in tana zamewa a turmi zafi na narkar da ita, kuma rana na cin ta. Ga kafstan ni poliyesta nake zaba, kauri milimita 16 zuwa 20 don hannu ya samu abin kamawa. Inda zaka hada biyu a saka su cikin juna, kar a kulla, kulli yana rage karfin igiya kusan rabi kuma shine yake makalewa a turmi.