Flagyl da zubar jini: me ya haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana shan warfarin, maganin tsinka jini, tun da aka gano gudan jini a ƙafarta. Makon jiya ta yi gudawa, muka sayo mata Flagyl a kemis, ƙwaya ɗaya sau uku a rana. Yau kwana biyar, dasashinta na jini duk sanda ta yi asuwaki, ga tabo baƙi-baƙi a damtsenta, kuma ba buguwa ta yi ba. Maganin ne ya jawo? Daga mai karatu a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki kai Hajiya asibiti yau ɗin nan, Murtala ko na Malam Aminu Kano, kada ki jira ranar ganin likitanta. Ki tafi da kwalayen magungunan duka, kada ta ƙara shan ko ɗaya sai likita ya gan ta.

Flagyl, wato metronidazole, ba ya tsinka jini da kansa. Hanta ce ke narkar da warfarin ta fitar da shi, shi kuwa Flagyl yana danne wannan aikin. Sai warfarin ya taru a jiki, ƙwayar da ta saba sha ta yi mata ƙarfi. Ita ma gudawar ta taimaka: mara lafiya ba ya cin abinci sosai, bitamin K ya ragu, alhali da shi hanta ke haɗa sinadaran da ke daskarar da jini. Septrin ma yana danne wannan aikin na hanta kamar Flagyl, shi ya sa muke tsoronsa ga masu shan warfarin.

A asibiti za a yi mata gwajin INR, wanda ke auna yadda jini ke jinkirin daskarewa. Ga mai gudan jini a ƙafa, tsakanin 2 da 3 ake so. Idan ya haura, likita zai dakatar da warfarin na ɗan lokaci, wataƙila ya ba ta bitamin K. A duba ƙwayoyin platelet ma, wato ƙwayoyin jini masu taimakawa wajen tsayar da zubar jini, domin wasu magungunan kamar chloramphenicol da rifampicin kan rage su.

Idan ta yi bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, to sai sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Don Allah kada a ba ta diclofenac, ibuprofen ko aspirin, ƙara zubar za su yi.

Nan gaba, duk wanda zai rubuta mata magani, a fara gaya masa tana kan warfarin. In ya zama dole ta sha irin su Flagyl ko Septrin, a maimaita INR cikin kwana 3 zuwa 5 da farawa.