Dokta ya ce a ɓoye, ke kin ce a faɗa

Ƴar'uwa kin ce dangi sun roƙi a ɓoye ma mara lafiya cewa ciwon daji gare shi, dokta ya yarda, ke kuma ranki bai kwanta ba. Kar ki gaya mishi a bayan idon dokta, kar kuma ku yi gardama bakin gadonshi, ki samu majo, wato shugaban masu jinya, ku zauna ku uku a biro ki kawo hujjarki.

Mu nan Damagaram abin da na ga yana kashe rigimar, in dai mutum na cikin hankalinshi, a tambaye shi: Baba a yi ma bayanin sakamakon ko a gaya ma babban ɗanka? Wani wallahi ya riga ya gane, ga bashin mutane ga wasiyya yana son ya bari.