Bututun hayaƙin hita: a ba shi fili, a bar zancen ado

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da sabon gida, Allah Ya sanya albarka. Idan na fahimce ka, za a canza muku tsohon injin ɗumama gida na gas, mai aikin ya ce bututu biyu za su fito ta bangon gefe, uwargida kuma ta fi son a ɓoye su ƙarƙashin dandamalin katako na bayan gida don kada su ɓata ado. Shekarata 11 a Ottawa, babban birnin Kanada, kuma wannan bututun ya taɓa hana ni barci, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Tsohon injin hayaƙinsa da zafi yake fita, shi ya sa yake hawa ta saman rufi da kansa. Sababbin nan masu tsimin gas suna tatse zafin kusan duka, abin da ya rage tururi ne mai ɗumi-ɗumi da ba ya iya tashi, sai fanka ta tura shi ta farin bututun roba. Ɗaya na fitar da hayaƙi, ɗayan na shaƙo iska. Matsalar duk tana wajen kada abin da ya fita ya dawo, ko ta taga, ko ta bakin ɗan'uwansa.

Gidanmu na farko, wanda ya kafa injin ya fito da bututun a lungu, tsakanin bango da shingen maƙwabci. Wani daren Janairu, wajen ƙarfe uku, sanyi ya tashe ni. Injin ya mutu, yara sun dunƙule cikin bargo. Na ɗauki tocila da shebur na fita. Iska ta tattaro dusar ƙanƙara ta jibge a lungun har ta kai bakin bututun, tururin kuma da bai sami hanyar wucewa ba ya yi ta komawa cikin bututun shaƙar iska yana daskarewa, har ƙanƙara ta kusa toshe shi. Da yatsa na riƙa ɓantaro ta. Akwai wani makunni a cikin injin da ke kashe shi in ya ji numfashinsa ya toshe, shi ne ya yi aikinsa, Allah kuma Ya taƙaita. Ba kullum ake dacewa ba. A guguwar dusar ƙanƙara ta Disamban 2022 a yankin Buffalo na Amurka, wani matashi ya rasu a garin Lockport saboda ƙanƙara ta rufe mafitar hayaƙin hitarsu, gubar ta koma cikin gida.

Gubar nan kabon monoksaid ce, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda a gida Najeriya idan an kwana da janareta a soro ko a kicin. Ba wari, ba launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutum ya ɗauka mura ce ya koma ya kwanta.

Ma'aunin da dokar gas ta Kanada ta gindaya kuwa, bakin bututu ya zama aƙalla santimita 30 daga doron ƙasa. Ni dai a Ottawa ban yarda da 30 daga ƙasa ba, daga inda dusar ƙanƙara ke kaiwa a watan Fabrairu nake aunawa. Tsakaninsa da taga ko ƙofar da ake buɗewa santimita 30 idan ƙarfin injin bai wuce BTU 100,000 ba (BTU shi ne ma'aunin ƙarfin zafin injin), in ya wuce sai kusan mita ɗaya. Ƙafa 6 daga duk inda fanka ke jawo iska zuwa cikin gida, kuma a nisanta shi da mitar gas. Bututun ya ɗan karkata zuwa wajen injin, kwatar inci a kowace ƙafa, don ruwan tururin ya gangara ciki maimakon ya kwanta a hanya ya daskare. Littafin da ya zo da injin yana da nasa ma'auni, in ya fi na doka tsauri shi ake bi.

Batun ƙarƙashin dandamali: doka ta yarda idan ƙasan a buɗe yake sosai ta ɓangare biyu aƙalla, amma ni ba zan ba ka shawarar haka ba. Tururin yana da tsami, a hankali yake cin katako da ƙusa, ga shi da hunturu ƙanƙara kan rufe ɓangarorin da ake taƙama a buɗe suke. Sannan abin da ba ka gani ba za ka tuna ka share shi ba. A rarrashi Hajiya. Mu ma da muka mayar da namu bangon da ke fuskantar fili an ɗan yi tsaki, sati biyu aka manta da shi.

Kada ka taɓa aikin da hannunka, kada kuma ka ba wani ɗan gari "mai iya komai" don arha. A lardinmu na Ontario sai mai takardar shedar TSSA, wato hukumar da ke sa ido kan aikin gas, ka ce ya nuna maka katinsa. Na'urar ƙararrawa ta kabon monoksaid kuma dole ce a nan tun 2014, a kusa da ɗakunan barci. Ka duba bayanta, tana da ranar daina aiki.

Ka turo hoton bangon gefen da tagoginsa, da lambar BTU da ke jikin takardar injin, in duba maka kafin mai aikin ya huda bango.