Amsar Gwaggo a kan maganar barkono

Ɗiyata, saƙonki ya iso ni bayan sallar isha'i. Da farko na yi murmushi, domin a zamaninmu amarya ba ta iya buɗe baki ta yi wa gwaggonta irin wannan tambaya, amma da na sake karantawa sai hankalina ya tashi. Kin ce wata ƙawarki ta gaya miki ana shafa barkono, ko man da aka haɗa da shi, idan mace tana tare da mijinta, wai don a ji ɗumi, kuma kina son ki san ko al'adarmu ce. Na gode wa Allah da kika tambaya kafin ki gwada.

Ina da ɗa ɗaya a goye, muna zaune a Kaura Namoda, tun Zamfara tana cikin jihar Sakkwato kafin a ba mu tamu a 1996, aka tara mu dakan yajin jego na wata ƙanwar mijina. Turmi uku aka jera a tsakar gida, aka zuba busasshen barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, muna daka muna atishawa, hawaye yana zuba. Ni aka bar wa tankaɗe, don haka da hannu na riƙa kwashe garin daga turmi ina zubawa a rariya tun hantsi. Da aka kira la'asar sai na ɗauraye hannuna da ruwa kawai, na ɗauki buta na kewaya. Ban gama tsarki ba na ji kamar an ɗora mini garwashi. Na ƙara ruwa, zafin ya ƙaru, na sake ƙarawa, ya bazu har cinyoyina, na fito ina rawar jiki, kunya ta hana ni faɗin abin da ya same ni. Surukata, Allah ya jiƙanta, kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ta ja ni ɗaka, ta kawo kindirmo mai sanyi da ɗan man gyaɗa, ta ce in shafe wurin daga waje da tsumma mai tsabta, in sake shafewa, sannan in wanke. Sai wajen magariba na iya zama, kuma kwana biyu ina jin raɗaɗi idan na yi fitsari. A daren nan ta ce mini, “Barkono ta baki yake shiga, duk ƙofar da ya bi ba wannan ba, ɓarna ya je yi.”

Daga baya ma'aikatan jinya suka fahimtar da ni dalili. Abin da ke sa barkono zafi wani sinadari ne da ake kira kafsaisin, ya fi taruwa a farin ɓangaren nan da 'ya'yan suke manne, kuma ruwa ba ya narkar da shi, yaɗa shi yake yi, mai da madara ne suke ɗauke shi. Fatar wurin nan siririya ce kamar ta cikin baki, ga shi attaruhu biyu daga tushe ɗaya ba zafinsu ɗaya ba, to da wane ma'auni za ki auna? Abin da ya ƙona ki kuma zai ƙona mijinki.

Ɗumin da iyayenmu suka sani daga ciki yake fitowa. Yaji a abinci, kunun da ya ji citta, farfesun kazar amarya, gumba, tsarki da ruwan ɗumi, turaren wuta da lalle, da waɗannan aka gyara mu. Kakata takan ce abin da ba za ki iya sa wa idonki ba, kada ki kai shi can. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda 'yan matan yanzu suka bar tambayar iyaye suka koma sayen matsi a WhatsApp, cikin kwalbar da ba suna, ba lambar NAFDAC, wasu har man zafi suke shafawa, alhali addininmu ya ce ba cuta ba cutarwa.

Idan tausa kuke so, ki ɗumama man kaɗe ko man zaitun kaɗan, ki fara gwada shi a cikin damtsenki, a tsaya a baya da kafaɗu, kuma da sanin mijinki. Ranar da kika yanka attaruhu, ki murza hannunki da mai, ki bi da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki shiga ɗaki. Idan kuwa ƙawar taki ta riga ta gwada, wurin ya kumbura ko raɗaɗin ya ƙi tafiya, ki ce mata ta je asibiti, kada kunya ta zaunar da ita kamar yadda ta so ta zaunar da ni. Sauran maganar ba ta rubutu ba ce, sai kin zo hutun babbar salla mu zauna a ɗakina. Ki gaishe mini da maigidan naki.